Tsaga Uku a Gindin Ƙaho

A Djougou in aka raba goron ɗaurin aure, kowa karɓa yake ya jefa aljihu ko ya ɓare nan take, ban da Sanoussi. Shi sai ya ɗora nasa a tafin hannu, ya murza da babban yatsa, ya karkata shi wajen haske yana neman ɗan ramin da sangara ke bari, ƙwaron nan da ke cinye cikin goro ya bar bayansa sumul. A gaban uban amarya yake yin haka, ko a jikinsa. An yi masa tsiya har an gaji, yanzu in baƙo ya tambaya sai a ce masa ya rabu da shi, Sanoussi ne.

Gado ne ya yi masa yawa. Kakanninsa fatake ne masu bi ta garin, wanda su suke kira Zugu, a hanyarsu ta saro goro a Gwanja, har wani daga cikinsu ya sauke kaya ya yi aure ya zauna. Sanoussi ya buɗe ido ne a zauren mahaifinsa Alhaji Hamisu, tsakanin huhunan goro da ƙanshin ɗanyen ganye. Tun bai isa ɗaga huhu ba aka koya masa cewa saman kaya kullum kyau gare shi, sai ka zura hannu har gwiwa ka ciro na ƙasa. Aka koya masa yadda ake sake wa goro ganye a yayyafa masa ruwa don ya daɗe, aka kuma nuna masa yadda marasa tsoron Allah ke rufe ruɓaɓɓe da wannan sabon ganyen. Alhaji Hamisu a kasuwa yake barin wannan ilimin in ya rufe rumfa. Sanoussi kuwa gida yake tafiya da shi.

In mai zemijan, ɗan babur ɗin haya, ya yi masa sauƙi, sai ya sauka ya duba taya. In maƙwabci ya gaishe shi da fara'ar da ta fi ta jiya, yini zai yi yana tunanin abin da mutumin ke so. Matarsa Rahinatou ta ce ko tuwon hannunta sai ya ɗaga malmala ya leƙa ƙarƙashi, kuma ba sharri ta yi masa ba. Ba mugu ba ne, bai taɓa cusa wa kowa ruɓaɓɓen goro a tsakiyar kaya ba, duk kasuwa an shaida. Damuwarsa kawai ya riga ya tabbatar wa kansa kowa na shirin cutarsa, hanya ce ba su samu ba tukuna.

Mutum ɗaya ne ya tsira daga wannan bincike, Moumouni, Bafulatanin da ke da ruga a bayan ƙauyen Partago. Zumuncinsu ya girme su. Alhaji Hamisu ne tun yana saurayi ya sayi karsana ya danƙa wa mahaifin Moumouni kiwo, a bisa yadda aka saba: nono na mai kiwo, 'ya'ya na mai saniya. Ba a kira shaida ba, ba a yi wa saniyar wata alama ba. Gidan kuwa yana da alamarsa, tsaga biyu a tsaye ɗaya a gicciye, wadda ake yi a jikin huhun da zai hau mota zuwa Parakou ko Malanville ya bi ta hannun mutanen da ba a sani ba. Kayan da ke hannun na gida ba a sa musu ita, kuma mahaifin Moumouni a na gida yake.

Iyayen suka rasu, 'ya'yan suka ɗora daga inda suka tsaya. Tun suna yara Moumouni ke kiran Sanoussi Ɗan Alhaji, har furfura ta fito musu bai sake ba. Ranar kasuwar Partago Sanoussi kan ƙulle goriya masu kyau a ganye ya hau babur zuwa ruga. Moumouni ya shimfiɗa tabarma a gindin kaɗanya, ya zura hannu cikin ƙullin ba tare da ya kalla ba, ya ciro ɗaya ya ɓare, rabi nasa rabi na Ɗan Alhaji. Wannan rabin ne kaɗai goron da aka taɓa ganin Sanoussi ya ci bai juya shi ba, ko da yake gaskiya ya riga ya duba shi tun daga gida.

Shanun sun yi yawa a wani lokaci, sannan hidimar duniya ta cinye su. An sayar da wasu mahaifiyar Sanoussi ta je Hajji, wasu suka koma kwanon rufi, sauran suka bi karatun 'yarsa Sakinatu a Parakou, inda ta koyi aikin duba jinin dabbobi ta kuma samu wurin aiki. Abin da ya rage daga jinin waccan karsana ta farko ƙwaya ɗaya ce, wata farar karsana mai baƙin kunne da mutanen ruga ke kira Goriya. Ita ce ta rage dalilin tafiya Partago, ita ce dalilin tabarma da ɓara goro. Sanoussi bai taɓa faɗa ba, amma ya fi son wannan zaman a kan duk wani zama da yake yi a gari.

Sai dai rabin garken Moumouni farare ne masu baƙin kunne. Mutumin da zai rufe ido ya bambanta goron Gwanja da na Kurmi da ɗanɗano kaɗai, in ya shiga garke duk saniya ɗaya yake gani. Sai Moumouni ya miƙa sanda ya ce ga Goriya can, shi kuma ya gyaɗa kai kamar ya gane ta.

Daminar da ruwa ya yi yawa, ciyawa ta rufe bakin rafi, Moumouni ya kira shi a waya.

“Ɗan Alhaji, Goriya ba ta jin daɗi. Sammore nake gani. Ƙudan tsando ya yi yawa bana wajen shan ruwa.”

Sanoussi ya je ya tarar da karsana tsaye a bayan garke, gashi ya tashi, ido na hawaye, kai a ƙasa. Hankalinsa ya tashi sosai. Ya shiga kasuwa ya sayi garin maganin sammore a wajen wani mai talla, bayan ya jujjuya fakitin har mai tallan ya ƙosa, aka dama aka yi mata allura. Da ya koma wata kasuwar sai ga Goriya tana kiwo, jiki ya kwanta, har tana tunkuɗe 'yan'uwanta. Ya yi hamdala ya koma gida da ƙwaryar nono. Ba a daɗe ba waya ta sake ƙara, Goriya ta koma gidan jiya. Ya je ya gani da idonsa. Ya sake komawa ba tare da ya yi sanarwa ba, sai ya iske ta garau.

A kan babur, a hanyar komawa Djougou, tunanin ya shigo masa, kuma da idon mai goro ya shigo. Goron da ya ruɓe ba ya warkewa. In ka ga ruɓaɓɓe yau a kusurwar huhu, gobe ka ga lafiyayye a wurin, to wani ya sa hannu. Ya yi ƙoƙarin korar tunanin, ya yi a'uziyya, amma kafin ya isa gida ya gama gina zancen tun daga tushe. Moumouni yana da tasa saniyar marar lafiya, fara mai baƙin kunne. In ya san Ɗan Alhaji na zuwa sai ya ware ta ya ce ga Goriya, in an zo masa ba zato sai dole ya nuna ta gaskiya. Ranar da marar lafiyar ta mutu sai a ce Goriya ta mutu, a yi jaje, lafiyayyar ta narke cikin garke.

Rahinatou tana tankaɗe lokacin da ya zayyana mata. Ta ajiye rariya ta dube shi.

“Malam, Moumouni fa kake faɗa. Mutumin da ya tako da ƙafa daga Partago ranar da Inna ta rasu.”

“Ban ce ya yi ba. Cewa na yi cuta ba ta hutu ta dawo aiki.”

“Zazzaɓi ma ai yana sakin mutum ya dawo.”

“Shi ai mutum ne, ba saniya ba. Ki bar ni da abin da na sani.”

Ta ɗauki rariyarta ta ce Allah ya kyauta, ta san in ya kai nan ko limamin Juma'a ba ya juya shi.

Da Sakinatu ta zo gida hutun ƙarshen mako, bai gaya mata zarginsa ba, ya ce dai karsana ce ke ciwo tana warkewa. Suka tafi ruga tare. Ranar Goriya na cikin kwanakin lafiyarta. Moumouni ya riƙe mata kai yana yi mata magana da Fulatanci, Sakinatu ta ɗebi jini a wuya cikin 'yar kwalba ta sa a ƙanƙara, ta wuce Parakou. Washegari ta kira.

“Baba, na yi analiz ɗin, gwajin jinin, ban ga komai a ciki ba. Amma wannan ba ya nufin…”

“Ba ki ga komai ba?”

“A wannan karon dai ban gani ba, saboda ita cutar…”

“To madalla. Allah ya yi miki albarka.”

Ya kashe wayar da sauran maganar a bakinta. Abin da yake nema ya samu: wadda aka nuna musu jiya lafiyarta lau, har na'ura ta shaida. Ke nan mai hawayen wata ce dabam. Wani irin baƙin ciki ya kama shi mai haɗe da jin daɗi, irin na mutumin da aka daɗe ana ce masa ya cika zargi sai ga shi ya kama hannu a cikin huhu.

Ranar kasuwa ta gaba ya tafi da 'yar wuƙarsa ta yankan igiyar huhu. Suka zauna a gindin kaɗanya, aka ɓare goro. Da Moumouni ya tashi raka wani baƙo bakin hanya, Sanoussi ya lallaɓa wajen karsanar da aka nuna masa, wadda ke ɗaure tana tuƙa. Ya shafa mata goshi, ya buɗe gashin da ya rufe gindin ƙahon hagu, ya tsaga biyu a tsaye ɗaya a gicciye, ya mayar da gashin ya rufe. Aikin ya fita tsaf, hannu ya saba. Ya koma tabarma kafin mai ruga ya dawo.

Wani abu ɗaya ne bai yi tunaninsa ba. Shi da yake shafa kowane goro a huhu ya san wanda aka taɓa, ya manta akwai wanda haka yake shafa kowace saniya a garke safe da yamma.

Bai jira da yawa ba aka kira shi, Goriya ta sake kwanciya. Ya hau babur yana shirya maganar da zai faɗa in ya buɗe gashi ya ga ƙaho sumul. Ya tarar da karsana ta rame, haƙarƙari a waje, idon nan na zubar da ruwa. Moumouni bai raka shi wajenta ba, ya tsaya daga nesa ya harɗe hannu a kan sandar da ya gicciya a kafaɗa. Sanoussi ya yi kamar yana shafa ta don tausayi, ya zura yatsa ƙarƙashin gashin ƙahon hagu. Tsaga uku na nan, yadda ya yi su.

Da wani ne da nan ya tsaya ya ji kunya. Sanoussi ya ji ta, amma ba ta daɗe ba wani zargin ya taso ya danne ta. To in saniyar ɗaya ce, me ake yi mata? Hana ta abinci ake yi in an san zai zo? Ko maganin da ya saya a jikin wata aka zuba shi? Ya sa aka kira ma'aikacin dabbobi na Partago ya ɗebi jinin a gabansa, ya karɓi kwalbar da hannunsa, ya ƙi ba direba saƙo. Shi da kansa ya shiga motar Parakou da 'yar robar ƙanƙara a kan cinya, kowa ya matso kusa ya ƙara rungume ta.

Daga tasha zemijan ya kai shi wurin aikin Sakinatu a gefen unguwar Banikanni. Ta ga mahaifinta da babbar riga rungume da roba, ta danne dariya ta gaishe shi. Ta juya jinin a wata na'ura, ta ɗiga kaɗan a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ja masa kujera.

“Baba, sa idonka nan. Kar ka taɓa komai.”

Da farko haske kawai ya gani. Can sai ga wasu 'yan faya-fayai jajaye, a tsakaninsu kuma wasu abubuwa sirara suna mutsu-mutsu suna ture su, kamar tsutsa a ruwan randa. Ya ɗago da sauri ya dube ta.

“Ke kika zuba su?”

“Haba Baba. A hannunka jinin ya zo.”

Ya mayar da ido. Sakinatu ta ce su ne sammore, ƙudan tsando ke zuba su a jini in ya ciji saniya.

“To ranar ina suka tafi da kika ce ba ki ga komai ba?”

“Abin da na so gaya maka ke nan ka kashe waya. Suna nan, kaɗan ne suka rage har madubi bai kama su ba.”

Ta zauna ta yi masa bayani a hankali. Jikin saniya yana da masu gadi. In baƙon abu ya shigo jini, sai su koyi kamarsa su ƙera masa alama wadda ke manne masa, duk abin da aka ga alamar a jikinsa a kashe shi. Ita kuwa wannan halitta, jikinta duka a rufe yake da riga ta wani sinadari iri ɗaya, a cushe, ba inda fatarta ta leƙo, saboda haka rigar kaɗai masu gadi ke gani. Su koyi rigar, su bi su kashe kusan duka, saniya ta miƙe ta ci ciyawa, kowa ya ce ta warke. Amma a cikin dubbai akwai 'yan kaɗan da suka riga suka sa wata rigar dabam, domin kowace tana ɗauke da tsarin riguna ɗaruruwa a cikinta, ɗaya take sawa a lokaci guda. Waɗannan su wuce ta gaban masu gadi ba a gane su ba, su hayayyafa, saniya ta sake kwanciya. Kafin jiki ya koyi sabuwar rigar an sake wata.

Sanoussi ya ja gemu ya ce, “Sabon ganye a kan ruɓaɓɓen goro.”

“Kusan haka. Amma akwai abin da ya fi wannan. Ko alamar ta manne mata, in ba ta yi yawa ba, ba ta kwana a jikinta. Ka ga yadda take iyo ba ta tsayawa? Tana gaba, ruwan jini na share duk abin da ya maƙale a rigar zuwa bayanta. A can akwai wani ɗan aljihu, sai ta haɗiye wannan yankin rigar tare da alamar, ta narkar da alamar a ciki, ta fito da rigar a wanke ta mayar jikinta. Haka take yi ba dare ba rana, rigarta kullum fes.”

“Ita alamar ba ta zama a jikinta ke nan.”

“Ba ta zama, Baba.”

Ta ga fuskarsa ta sauya, ta ɗauka tausayin karsana ne, ta ce kar ya damu, akwai magani. Wanda ya saya a kasuwa wataƙila ba shi da ƙarfi, ko an dama shi da ruwa da yawa, ko kuma ƙudan ya sake cizonta. Za ta faɗa wa ma'aikacin Partago wanda za a yi mata daidai nauyinta, a kuma janye ta daga bakin rafi har ruwa ya ɗauke. Ta ƙara da cewa Baffa Moumouni ya gane ciwon tun ranar farko, ai shi ya ce sammore ne. Sanoussi ya tsine wa mai tallan magani da ƙarfi fiye da yadda laifinsa ya kai, ya ƙi kwana, ya kama motar yamma.

A motar ya yanke shawara. Moumouni bai ce komai ba, ke nan bai gani ba. Zai koma da wuƙar ya kankare wurin, tsagar ta zama kamar gogar itace, zance ya mutu tsakaninsa da Allah.

Ya yi ta zuwa ruga da wuƙa a aljihu har damina ta ƙare. Aka yi wa Goriya allurar kirki. Moumouni ya ɗaure ta a tudu kusa da bukkarsa, yana yanko mata ciyawa da hannunsa, yana ɗebo mata ruwan rijiya, yana yi mata hayaƙi don ƙuda. Tabarma na nan, gaisuwa na nan, ana ɓare goro. Sai dai ko sau ɗaya bai sake barin Sanoussi shi kaɗai da karsanar ba. In baƙo ya zo daga zaune yake sallamarsa. In lokacin salla ya yi sai ya ce su je tare. Sanoussi ya lura, domin lura ce sana'arsa, amma a karon farko a rayuwarsa ya ga abin zargi ya ce wa kansa ba komai ba ne.

Bayan an gama girbin dawa, wata ranar da ba ta kasuwa ba, yana cikin zaure yana sake wa goro ganye da hantsi, ya ji sallama. Moumouni ne a ƙofar gida, ƙafafunsa sun yi futu-futu, riƙe da sabuwar igiya. A ƙarshen igiyar Goriya ce, ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi. Ya ɗaure ta a turken da ake ɗaure ragon layya, ya cire takalmi ya shigo.

Aka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Rahinatou ta aiko da ruwa da fura, ya sha ya yi godiya. Sannan ya ajiye ƙwarya.

“Malam Sanoussi, na kawo maka saniyarka.”

Sunan ne ya fara dukan Sanoussi kafin maganar. Ya ce, “Wani abu ya faru a ruga?”

“Lafiya lau. Tun da damina ya kamata in kawo ta, amma ba a mayar wa mutum amanarsa a kwance. Yanzu ta tashi, ka duba ta da kyau.”

“Moumouni, ina zan kai saniya a cikin gari? Ubanka ne ya riƙe kakarta.”

“Shi ya riƙe. Ina yaro nakan zo zauren nan tare da shi, ina ganin Alhaji yana yi wa huhu wani zane. Na tambaye shi na mene ne, ya ce na kayan da za su bi ta hannun wanda ba a sani ba ne.” Ya dubi tarin huhunan da ke jingine da bango, kowanne da tsagarsa uku. “Ranar da ka yi shi na gani, da na zo shafa ta da yamma.”

Sanoussi ya buɗe baki ya fara zancen Parakou, da madubi, da halittar da ke sake riga, wai ita ce ta ruɗe shi, ita ce mai sauyin, ba wani ba. Bai taɓa jin maganarsa ta yi rashin nauyi irin na ranar ba. Moumouni ya saurara har ƙarshe, bai katse shi ba. Sanoussi ya ce zai kankare, yanzu ma, a gabansa.

“Kar ka ji mata ciwo, wurin kusa da nama yake. Ƙaho daga gindi yake tsiro. In ta yi tsawon rai zanen zai yi ta hawa sama, kowa ya gani ya san taka ce. Ba wanda zai sauya maka ita.”

Ya faɗi sauran abin da ya kawo shi: a ba ta dusa da kanwa, kar a bar ta a rana, kuma yana zaton tana da ciki. Ya miƙe. Sanoussi ya rasa abin yi, ya zura hannu cikin huhun da ke buɗe ya ciro goriya mafi kyau, fara sol, ya miƙa masa da hannu biyu yana jira a ɓare.

Moumouni ya karɓa. Ya ɗora ta a tafin hannu, ya murza da babban yatsa, ya taka zuwa bakin ƙofa inda haske yake ya karkata ta, ya juya ta ciki da baya. Bai ga ramin komai ba. Ya ce goro ya yi kyau, Allah ya amfana, ya jefa ta aljihu ɗungum, ya sa takalminsa ya kama hanyar Partago.

Goriya ta haihu a tsakar gidan Sanoussi, ta haifi mace. Rahinatou ce ta koyi tatsa, tana yi tana mita. Yanzu in ka bi ta layin ranar kasuwar Partago za ka ga babur a jingine a zaure, mai shi kuma a tsakar gida yana zuba wa saniya dusa. Saniya ɗaya ce a gidan, ba wadda za a rikita ta da ita, amma kullum sai ya kama ƙahon hagu ya duba. Tsagar ta fito daga cikin gashi, ta hau kamar faɗin yatsa biyu.